Yadda Ake Zaɓa wa Yaro Littafin Ilimi Har Ya Karanta Shi

Wata rana da daddare an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, ɗiyata ta haska bangon baranda da tocila ta ga tsaka ta haura har sama ta manne, bayanta na kallon ƙasa. Shekarunta bakwai a lokacin. Ta ce, "Baba, me ya hana ta faɗowa?" Na ce ikon Allah ne. Ta ce ai ta sani, amma ta yaya? Nan na yi shiru, don ban san ta yaya ba. Sai bayan kwana uku na samo aron wani littafin dabbobi mai hotuna, muka tarar an ɗauki tafin ƙafar tsaka an ƙara wa hoton girma. Ashe kowane yatsa cike yake da wasu siraran gashi dubun dubata waɗanda ido ba ya gani, su ne ke kama bango. Littafin nan sai da ta yi wata guda tana kwana da shi a ƙarƙashin matashi.

Kafin wannan dare na sha saya mata littattafai, masu tsada ma, suna nan jere a kan kabad ba wanda ya buɗe su. Bambancin ɗaya ne. Waɗancan ni na ga ya dace ta sani, wannan kuwa ita ta tambaya. Duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan ya ginu: littafin ilimi, wato wanda ba ƙagaggen labari ba, irin na tarihi da kimiyya da dabbobi da rayuwar magabata da sana'o'i, yana shiga yaro ne idan ya zo a matsayin amsar tambayar da shi ya yi da bakinsa.

Fara da saurare, kada ka fara da kasuwa

Ka ware mako guda ba ka sayi komai ba. Samu ɗan littafin rubutu, ko ka buɗe wuri a wayarka, duk tambayar da yaron ya jefo ka rubuta ta yadda ya faɗe ta. Me ya sa wata yake bin mu idan muna cikin mota? Ina ruwan rijiya yake fitowa? Wa ya gina ganuwa? Me ya sa kaza ba ta tashi kamar tantabara? Uwa ta fi kowa jin irin waɗannan tambayoyin, don a bakin murhu da wajen wanki ake yin su, saboda haka a haɗa hannu da ita. In kaka na gidan, ita ma a tambaye ta.

Ƙarshen mako za ka ga tambayoyin sun karkata wani ɓangare. Wani yaron duk hankalinsa na kan injuna, shi ne mai kwance rediyo da fanka. Wata nata dabbobi da tsirrai. Wani labarin yaƙe-yaƙe da sarakuna. Inda suka fi yawa, can za ka fara. In kuma yaron ba mai tambaya ba ne, duba abin da yake tsayawa kallo a hanyar makaranta: maƙera, masu walda, garken shanu, jirgin sama. Kallo ma tambaya ce, bakin ne bai furta ba.

Gwada ƙarfin karatunsa, kuma da wane harshe

Ajin da yaro yake ba ya nuna ƙarfin karatunsa. Akwai ɗan aji biyar da har yanzu yana haɗa baƙi, akwai 'yar aji uku da ke karanta wa kakarta saƙon waya. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ta yatsu biyar. Buɗe tsakiyar littafin, ka ba shi shafi ɗaya ya karanta a bayyane. Duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In ya gama shafin bai lanƙwasa ko ɗaya ba, ko ɗaya tak, littafin ya yi masa sauƙi, zai iya shi kaɗai. Biyu zuwa uku, shi ne daidai. In hannu ya dunƙule kafin ƙarshen shafi, wannan ba na karatun kansa ba ne, sai dai ka karanta masa.

Batun harshe kuwa ina da ra'ayi mai ƙarfi a kai. Iyaye da yawa na ganin sayen littafin Hausa asarar kuɗi ne tun da jarrabawa da Turanci ake yi, ko da Faransanci ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Na ga yaran da ke iya rera shafi guda na kimiyya da Turanci ba tuntuɓe, ka ce su gaya maka abin da suka karanta da Hausa su yi tsuru-tsuru. Wannan ba karatu ba ne, hadda ce ba fassara. Yaron da ya fahimci yadda tururi ke tashi ya zama girgije da harshen da yake mafarki da shi, ranar da ya gamu da bayanin da Turanci kalmomi kawai zai koya, ma'anar tana hannunsa tuni. Saboda haka a shekarun farko a fifita Hausa, a riƙa sako na Turanci masu yawan hotuna a gefe. Daga wajen shekara goma sai a bar su su tafi kafaɗa da kafaɗa.

Abin da za ka nema

Ga ƙanana, 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, gaskiya littattafan ilimi na Hausa da aka buga a takarda ba su da yawa a kasuwa. Abin da ya cece ni shi ne rumbunan intanet na kyauta. African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu ke gudanarwa, da StoryWeaver na kamfanin Pratham Books da ke Indiya, da Bloom Library, duk suna da littattafan yara da Hausa, an kasa su mataki-mataki gwargwadon ƙarfin mai karatu. Mafi yawa labarai ne, amma in ka bincika za ka tarar da na ƙirga da na dabbobi da na tsafta da na yanayi. An yarda ka sauke su ka buga. Ni nakan sauke a waya, in kai shagon masu kwamfuta a buga mini gaba da baya, in ninke, in ɗinke tsakiyar da zare da allura. Sai dai ka karanta kafin ka biya kuɗin bugu, don wasu fassarar tasu ta bi Turanci sawu da ƙafa har Hausar ta sandare. In ka gamu da irin wannan, wuce shi, akwai wani. Haka nan in kana Bauchi ko Sakkwato, ka tambayi malaman firamare littattafan shirin Mu Karanta, a Katsina da Zamfara kuma na shirin RANA. An yi su ne don koyon karatu da Hausa, kuma sau da yawa akan sami ragowarsu a makarantu.

Daga shekara takwas zuwa goma sha biyu ne ake shiga gona mai albarka, don magabata sun bar mana aiki. A Zariya, tun daga Hukumar Fassara da Hukumar Talifi, zuwa Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, zuwa hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, har zuwa kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da ya gaje su a 1966, an buga littattafan ilimi da Hausa tsantsa waɗanda har yau ban ga abin da ya kama ƙafarsu ba wajen daɗin harshe. Na farko da zan ce ka nema shi ne Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta, bayanin halittu iri-iri na cikin duniya. Abin da nake so game da shi, bai ɗauki yaron Bahaushe a matsayin baƙo a fagen kimiyya ba. Daga abin da yaro ya sani yake tashi, da kalmomin da ya saba ji a gida. Tsohon littafi ne, ilimi ya ci gaba bayansa, don haka ka haɗa shi da wani sabo mai hotuna. Amma a matsayin ƙofar shiga, ban san kamarsa ba.

Shi Abubakar Imam, wanda yawancinmu muka sani ta Magana Jari Ce, yana da Tafiya Mabuɗin Ilimi, labarin tafiyarsa Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Malam Aminu Kano ma yana da nasa labarin tafiya, Motsi Ya Fi Zama. Irin waɗannan suna da amfani biyu: yaro na ganin wata ƙasa, kuma yana ganinta ta idon mutumin gida, wanda abin da ya ba shi mamaki shi ne zai ba yaron mamaki. Ka ajiye taswira kusa in za a karanta su, a riƙa bin hanya da yatsa.

A fannin tarihi akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu, inda za a sami tarihin sarakunan Kano tun daga Bagauda, da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu. Waɗannan sun fi dacewa da wanda ya shiga sakandare, kuma ko shi ɗin kada a ce ya bi su daga bango zuwa bango. Jerin sunayen sarakuna da shekarun sarauta na iya gundurar babba ma. Zaɓo sarki ɗaya, ka ce Muhammadu Rumfa, a karanta abin da aka faɗa a kansa, a tsaya nan. Don al'adu da sana'o'in gargajiya, Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da abokan aikinsa ya daɗe ana karanta shi a makarantu. Ga 'yan mata da suka tasa, ina son Labarin Baba, wata tsohuwa mutuniyar Karo ta ƙasar Kano da ta ba wata Baturiya, Mary Smith, tarihin rayuwarta da bakinta. Ya fara fitowa da Turanci a 1954, daga baya aka buga shi da Hausar da ta yi magana da ita. Da wuya ka sami wani littafin da ke nuna rayuwar mace Bahaushiya ta wancan zamani daga cikin gida kamar shi. Akwai zancen aure da kishi da haihuwa da bauta a ciki ba ɓoye-ɓoye, saboda haka na manyan yara ne, kuma uwa ta fara dubawa.

Ɓangaren addini shi ne inda gidajenmu suka fi wadata, Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi ba sa wuyar samu. Abin da na ga ya yi ƙaranci shi ne tarihi da bayanin ibada da aka rubuta don yaro ya karanta da kansa yana jin daɗi. Tarihin Annabi Kammalalle na Abubakar Imam da Ibada da Hukunci na Haliru Binji sun cike wannan gurbi ga iyayenmu, kuma ba su tsufa ba.

Na Turanci kuwa teku ne, zan ambaci kaɗan da na gwada. Jerin Eyewitness na kamfanin DK, kowane littafi batu guda, hotuna na gaske da bayani gajere a gefensu, yaro na iya amfana ko Turancinsa bai nuna ba. Na Usborne da na National Geographic Kids ma haka. Africa, Amazing Africa na marubuciyar nan 'yar Nijeriya, Atinuke, yana bin ƙasashen Afirka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi taɓa yarana shi ne labarin William Kamkwamba, The Boy Who Harnessed the Wind, akwai bugu na musamman don yara. Yaro ne ɗan ƙauye a Malawi, yunwa ta faɗa wa ƙasarsu, aka rasa kuɗin makarantarsa ya zauna a gida. Ya riƙa zuwa ɗan ƙaramin laburaren garinsu, ya ga hoton injin iska a wani littafi, Turancinsa bai kai ya karanta bayanin sosai ba, sai ya bi zane. Da tsohon keke da fankar tarakta da itace ya haɗa injin da ya kawo wuta gidansu yana ɗan shekara 14. Ɗana da ya gama shi, washegari na tarar ya kwance ƙaramin injin wata tsohuwar motar wasa yana gwada shi da batir.

Kowane gida kuma ya kamata ya mallaki abu biyu da ba a karanta su a jere amma kullum ana komawa gare su: littafin taswira da ƙamus. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, Hausa yake fassarawa da Hausa, shi ne abokin karanta waɗancan tsofaffin littattafai, don akwai kalmomi a cikinsu da yaran birni na yanzu ba su taɓa ji ba.

A gaban mai sayarwa

Na taɓa sayen kwali guda na littattafan gwanjo a hannun wani mai shimfiɗa a bakin titi, ina murna da araha. A ciki akwai littafin taswira mai kyan bango. Ɗana ya yi aikin gida da shi, ya rubuta cewa Nijeriya na da jihohi 19 kuma Legas ce babban birni. Ya dawo da jan biro a littafinsa da hawaye a idonsa, yana cewa, "Baba, ai a littafin da ka saya na gani." Ranar na ji ciwo, don amanar da ya ba littafi ce ta karye. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai na yi wasu gwaje-gwaje a tsaye.

Buɗe bayan shafin farko ka duba shekarar bugu. Tsufa ba aibi ba ne ga labarin tafiya ko tarihin rayuwar wani, amma aibi ne ga taswira da kimiyya da lafiya. In littafin taswira ne, nemi Sudan ta Kudu, wadda ta samu 'yanci a 2011. In babu ita, ya tsufa. A taswirar Nijeriya nemi Zamfara da Gombe da Nasarawa, waɗanda aka ƙirƙira a 1996 jihohi suka cika 36. In ka ga Zaire ko Tarayyar Sobiyat, sunayen da suka daɗe da barin taswira, ajiye shi. In na sararin samaniya ne, duba ko har yanzu yana ƙirga Pluto a cikin manyan duniyoyi tara, alhali tun 2006 masana suka mayar da su takwas. Littafin kiwon lafiya kuwa, in ya daɗe, kada ka kai shi gida ko kyauta ne.

Sannan duba hotuna. Shin suna koyar da wani abu, ko ado ne kawai? Hoto mai amfani yana da rubutu a ƙarƙashinsa, ko kibiyoyi masu nuna sassan abu. Duba ko akwai jerin abubuwan da ke ciki a farko da fihirisa a ƙarshe, wato jerin kalmomi da lambar shafin da kowace take. Duba sunan marubuci da maɗaba'a. Littafin da ba sunan kowa a jikinsa, ba wanda zai ɗauki alhakin kuskurensa. Ka kama bangon ka girgiza shi a hankali, in shafuka na neman zubowa, ba zai yi sati biyu a hannun yaro ba. Na jabu kuma ana gane su da dusasshen hoto da rubutun da ke fitowa ta bayan takarda, wani lokaci har da shafukan da suka ɓace a tsakiya. Ƙirga lambobin shafi a wurare biyu ko uku.

A Kano, kasuwar Sabon Gari da Kurmi su ne wuraren farawa, Kurmi musamman don na addini. Tsofaffin littattafan Zariya sukan ɓuya, sai ka ba mai shago suna ka ce ya nemo maka, ko ka tambayi malamin Hausa na sakandare mafi kusa, su suka san inda suke. Kada kuma a manta da aro. Laburaren Murtala Muhammed da ke Kano da na sauran jihohi don jama'a aka gina su, kuma kai yaro can sau ɗaya ya ga ɗaki cike da littattafai wani darasi ne na daban. Idan littafin Hausa daga Nijar ya shigo hannunka, ka nuna wa yaron cewa su suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y, don kada ya ɗauka kuskure ne.

Karanta shi kafin ka miƙa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Littattafan da aka rubuta a Turai don yaran Turai aka rubuta su. Na jikin ɗan Adam na iya zuwa da zanen da ba ka shirya yaronka ya gani a shekarunsa ba. Na halittun da suka shuɗe zai kawo zancen miliyoyin shekaru da asalin halittu, yaron kuma ya dawo daga Islamiyya da abin da ya koya, ya tsaya a tsakiya yana kallonka. Ba na goyon bayan yage shafi ko manne shi da gam, don babu abin da ke jawo hankalin yaro kamar shafin da aka ɓoye. Abin da nake yi, in riga shi karantawa, in san abin da ke zuwa. Wanda bai kai ba in ajiye sai ya girma. Wanda ya kai, mu zauna tare, in ce masa ga abin da masu bincike suka tono suka auna, ga abin da suke hasashe a kai, ga kuma abin da addininmu ya karantar. Inda abin ya fi ƙarfina, mu tafi wajen malaminsu tare mu tambaya. Yaron da ya saba kawo irin wannan tambayar gida, ranar da ya gamu da ita a waya shi kaɗai ba za ta girgiza shi ba.

Kuma irin waɗannan batutuwa ba na nesa ba ne kamar yadda ake zato. Ƙasusuwan manyan dabbobin nan na zamanin da, a hamadar Nijar aka tono wasu daga cikin fitattunsu, a Gadoufaoua da ke yankin Agadas. Ɗaya ma sunan ƙasar aka sa masa, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ana nuna irin waɗannan ƙasusuwan. A Yobe kuma, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa suka kai wajen 8,000, yana cikin mafiya tsufa da aka sani a duniya. In ka gaya wa yaro wannan kafin ka buɗe masa littafin tarihin dā, zai shiga da ƙafar dama.

Zaman karatun kansa

Littafin ilimi ba a bin sa kamar tatsuniya. Koya wa yaron ya fara da tambayarsa, ya duba jerin abubuwan da ke ciki ko fihirisa, ya nemo shafin, ya tafi kai tsaye. Ka yi a gabansa sau biyu ko uku yana kallo, sannan ka miƙa masa. Ranar da ya nemo "raƙumi" a fihirisa da kansa ya buɗe shafin, ya sami makamin da zai yi amfani da shi har jami'a.

Minti goma zuwa sha biyar sun isa, a lokaci ɗaya kullum. A gidanmu bayan sallar isha ne, kafin barci ya fara fizgarsu. A fara da hoto: me ka gani, me kake zato wannan? Sannan a karanta. In na Turanci ne, bayan kowane sakin layi ya faɗa maka da Hausa. Kada ka mayar da zaman jarrabawa, kada bulala ta kusanci wurin. In ya yi tambayar da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ku nema tare. In ya ce littafin ya ishe shi a shafi na goma, a rufe, ba bashi ba ne. Kuma in ya nace sai an sake karanta shafin kada sau ashirin, a sake. A tabbatar 'yan mata na cikin zaman, kada ya zama lokacin da ake karatu su suna wanke-wanke. In dole ne, a matsar da lokacin.

Fitar da littafin waje

Abin da aka karanta a gani da ido cikin makon. An karanta yadda iri ke tsira? A sa ƙwayar wake uku a kofin gilas da jiƙaƙƙiyar auduga a ajiye a taga, cikin 'yan kwanaki saiwa za ta fito ta nufi ƙasa, yaron ya riƙa zana ta kowace safiya. An karanta juyawar duniya? A kafa sanda a tsakar gida, a sa alama a bakin inuwarta da hantsi da azahar da la'asar. An karanta wata? Daga ganin jinjirin wata ya riƙa zana siffarsa kowane dare har ya cika ya koma raguwa. A nuna masa Zara da Kaza da 'Ya'yanta a sama da sunayensu na Hausa kafin ya koyi na littafi.

Tarihi kuma ƙafa yake so. Wanda ya karanta Rumfa a kai shi Gidan Makama, a bi da shi ta marinar Ƙofar Mata ya ga yadda baba ke rina zane. Na Katsina ga hasumiyar Gobarau, na Daura ga rijiyar Kusugu, na Sakkwato ga Hubbare. In tafiya ba ta samu ba, maƙerin unguwa da masaƙi da mai gyaran janareta duk suna nan, a gaishe su da ladabi a nemi izini yaron ya tsaya ya kalla ya yi tambaya biyu.

Ajiya, da yadda littafi biyu za su zama goma

Gara da danshin damina da kyankyaso su ne abokan gabar littafi. Kada a ajiye a ƙasa ko a jingine da bangon ƙasa. Akwatin ƙarfe ko bokitin roba mai murfi ya wadatar, a ɗora a kan bulo, a riƙa fito da su suna shan iska. A yi wa bango riga da takardar kalanda ko leda mai kauri. Amma kada tsaron ya kai ga kulle su inda sai an nemi izini. A bar biyu ko uku inda hannun yaro zai kai, a riƙa sauya su.

Tsadar littafi gaskiya ce. Abin da muka yi a layinmu shi ne adashe: gida biyar, kowane gida ya sayi littafi biyu a zango, aka rubuta sunan gidan a cikin bango, duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yara su yi musaya. Yarinya ɗaya babba aka ba littafin rajista tana rubuta wanda ya karɓa da ranar da zai dawo da shi. An ɓatar da biyu, an yaga ɗaya, sauran suna nan suna zagayawa.

Da hutun ƙarshen shekara na ba ɗiyar tawa sabon littafin rubutu mai shafi 40, na ce wannan karon ita za ta rubuta nata. Ta zaɓi kaɗi, don ta sha ganin mazari a cikin kayan kakarta ba ta san aikinsa ba. Ta zauna gabanta da biro ta ce, "Kaka, daga ina ake farawa?" Tsohuwa ta sa aka nemo auduga, ta nuna mata yadda ake gurza ta a fitar da angurya, yadda ake shiɓa, yadda ake shafa alli a yatsu kafin a murza mazari. Yarinyar ta zana kowane abu ta sa masa suna da kibiya, ta yi jerin abubuwan da ke ciki a shafin farko, ta rubuta shekara a bayansa kamar yadda ta ga ana yi. Yanzu littafin yana cikin akwatin adashe, yana zagaya layi tare da sauran, kuma wani yaron maƙwabta ya fara nasa a kan kiwon tantabaru.